Hular Ƙoda da Ƙarinta: Tarihin Wani Reshe na Likitanci da Inda Ya Gamu da Ƙasar Adar

A ƙasar Adar, daga Buza zuwa Keita, sanin abin da ke cikin jiki ya daɗe a hannun masu sana'a biyu, wato mahauta da suke fede dabba kowace ranar kasuwa a ƙarƙashin Sarkin Fawa, da wanzamai da suke yin ƙaho da kaciya da cire beli. Mahauci ya san hanta da saifa da tumbi da huhu da ƙoda, kowanne da sunansa da farashinsa, amma a cikin kitsen da yake lulluɓe ƙoda akwai wata ƴar tsoka da wuƙa take wucewa ta kanta ba tare da an kula ba, domin ba ta kai loma guda ba, ba ta kuma da mai saye. A jikin ɗan Adam guda biyu ce, ɗaya a kan kowace ƙoda, nauyin kowacce bai wuce giram huɗu zuwa biyar ba, kuma likitocin da suka yi karatu da Faransanci suna ce mata sirenal, waɗanda suka yi da Ingilishi suna cewa adirinal, ma'anar duka biyun ita ce abin da ke kan ƙoda ko gefenta. Saboda yadda take zaune bisa ƙoda kamar hula a ka, a wannan rubutu za a kira ta hular ƙoda.

Aikinta shi ne sarrafa homon, wato sinadarin da wata gaɓa take zubawa cikin jini domin ya kai umarni ga wata gaɓa da take nesa da ita. Cikinta yana fitar da adirinalin, wanda yake sa zuciya ta yi sauri idan mutum ya firgita, ɓawonta kuma yana fitar da kotisol mai kula da sukarin jini da juriyar jiki ga wahala, da aldosteron mai riƙe gishiri da ruwa, da wani ɗan kaso na homon ɗin namiji. Wajen fitar da kotisol, hular ƙoda ba ta aiki da ra'ayinta, matsayinta kamar na hakimi ne da ba ya motsi sai jakadan sarki ya iso. Sarkin a nan wata ƙaramar gaɓa ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai suna fituwitari, jakadan kuma homon ne da ake taƙaita sunansa da haruffan ACTH, wanda yake yawaita da asuba ya ragu da dare. Abin da yake sa hakimin ya gane jakadan shi ne makarɓa, wato wani furotin da ke jikin ƙwayoyin gaɓar wanda ya dace da homon guda kamar yadda kuba take dacewa da makullinta. Kusan kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da cikakken littafin gado, wanda a cikinsa aka rubuta yadda ake ƙera dukan makarɓan da jiki ya sani, sai dai kowace gaɓa tana buɗe shafukan da suka shafe ta ne kawai, sauran kuma a rufe suke. Wannan buɗewa da karantawa ita ce masana suke nufi da bayyanar ƙwayar gado, kuma tarihin da ke tafe na yadda aka gano ne cewa ƙarin da yake tsirowa a hular ƙoda yakan buɗe shafin da ba nasa ba, ya ƙera makarɓar da ba ta dace da wurin ba, har ya riƙa amsa kiran da ba shi aka yi wa ba.

An daɗe da ganin gaɓar kafin a san amfaninta. Bartolomeo Eustachio, masanin sassan jiki a birnin Rum, ya zana ta a allunan da ya kammala a 1552, waɗanda ba a buga su ba sai 1714, kuma a 1716 majalisar masana ta Bordo a Faransa ta sa gasa kan tambayar ko mene ne aikinta, Montesquieu ya duba amsoshin da aka aiko, aka tashi ba a ba kowa kyautar ba. Sai a 1855 Thomas Addison na asibitin Guy's a Landan ya bayyana marasa lafiya goma sha ɗaya da suka rame, ƙarfinsu ya ƙare, fatarsu ta yi duhu, da aka buɗe gawarwakinsu aka tarar hular ƙodarsu ta lalace, da yawansu saboda tarin fuka. Shekara guda bayan haka Brown-Séquard, haifaffen tsibirin Morishus, ya cire gaɓar daga jikin dabbobi ya ga ba sa rayuwa. Ta wannan ƙofa ta lalacewa ce gaɓar ta fara shafar ƙasashen Sahel, domin tarin fuka har yanzu yana cikin manyan abubuwan da suke cinye ta a Afirka, kuma ƙwayar cutar sanƙarau, idan ta shiga jini, takan sa ta zubar da jini a cikinta mara lafiya ya mutu cikin sa'o'i kaɗan, abin da Waterhouse ya bayyana a 1911, Friderichsen ya ƙara bayani a 1918. Adar tana tsakiyar yankin da likitan sojan Faransa Lapeyssonnie ya shata a 1963 a matsayin zirin sanƙarau, amma likitancin zamanin mulkin mallaka, wanda aka gina a kan tawagogin rigakafi masu yawo da ƴan ɗakunan shan magani, an tsara shi ne domin annoba, irin su agana da sanƙarau da kuturta, ba shi da lokaci ko kayan aikin bin diddigin ƙari mai girman gujiya a bayan ciki.

A Turai da Amurka kuwa an koyi gane ƙarin ta hanyar abin da yake zubawa. Felix Fränkel ya ba da labarin wata budurwa ƴar shekara 18 a Firaibog ta Jamus a 1886, wadda bugun zuciya da ciwon kai suke taso mata lokaci zuwa lokaci, aka tarar da ƙari a hular ƙodarta ta dama da ta hagu. Masu bincike Oliver da Schäfer sun nuna a 1894 cewa ruwan gaɓar yana ɗaga hawan jini nan take, Jokichi Takamine ɗan Japan ya tace adirinalin a 1901, Ernest Starling ya shigo da kalmar homon a 1905, sannan a 1926 César Roux a Suwizalan da Charles Mayo a Amurka kowannensu ya cire irin wannan ƙari mara lafiya ya rayu. Harvey Cushing ya tattara a 1932 alamomin cutar da ake kira da sunansa, wadda yawan kotisol yake haddasawa: fuska ta kumbura ta zama zagayayya, ciki da wuya su tara kitse alhali hannuwa da ƙafafu suna sirancewa, fata ta tsattsage da faffaɗar nankarwa, suga da hawan jini su shigo, ƙashi ya yi rauni, mace kuma ta daina ganin al'ada, gashi ya fito mata a haɓa. A 1954 Jerome Conn na jami'ar Mishigan ya gabatar da wata mata ƴar shekara 34 mai hawan jini da kasala da ƙarancin fotashiyam a jini, aka cire mata ƙarin da yake zuba aldosteron ta warke, shekara guda kacal bayan Sylvia Simpson da James Tait sun ware wannan homon a Landan.

A tsakiyar wannan zamani ne ilimin ya zo neman wani abu a Afirka ta Yamma, kuma abin da ya zo nema tsiro ne da maharba da mayaƙan Hausa suka daɗe da sani. A watan Satumba na 1948 Philip Hench na asibitin Mayo ya yi wa wata mata mai ciwon gaɓɓai allurar kotizon, ɗan'uwan kotisol, ta tashi ta yi tafiya cikin kwanaki kaɗan, kuma a 1950 shi da Edward Kendall da Tadeus Reichstein suka sami kyautar Nobel. Matsalar ita ce a lokacin daga maɗaciyar shanu ake haɗa maganin, ta matakai fiye da talatin, saboda haka ya yi tsadar da ba mai iya saye sai ɗaiɗaiku. Masana suka tuna cewa tun 1929 an samu wani sinadari mai suna sarmentojenin a cikin wasu ƴaƴan tsiro da aka kai Amurka daga Afirka, wanda ƙirarsa ta riga ta ƙunshi ɓangaren da ya fi wuyar haɗawa a kotizon. Tsiron shi ne kwankwani, mai yaɗo, wanda ake dafa ƴaƴansa a shafa wa kibiya, kuma Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya rubuta shi da wannan suna. Daga 1949 zuwa 1950 gwamnatin Amurka da kamfanonin magani da masanan Suwizalan suka aika tawagogi suna tattara ƴaƴan kwankwani a ƙasashen yankin, sai suka tarar yawan sinadarin yana bambanta daga wuri zuwa wuri, a mafi yawan samfurori ma bai taka kara ya karya ba. Kafin a daidaita wannan, kamfanin Syntex ya haɗa kotizon daga wata doyar daji ta Meziko a 1951, kamfanin Upjohn kuma ya gano a 1952 cewa wata funfuna tana yin mataki mafi wuya cikin sauƙi, farashi ya faɗi, aka bar kwankwani ga maharba. Da abin ya zo da akasin haka, da wataƙila tsiron ya shiga jerin kayan da Turawa suke sa a noma domin fitarwa, kusa da gyaɗa da auduga.

Tambayar da ta rage bayan an san abin da ƙarin yake zubawa ita ce me yake sa shi zubawa, tunda a jinin masu ƙarin da yake zuba kotisol jakadan fituwitari ya kusa ɓacewa baki ɗaya, domin sarkin yana janye jakadansa idan ya ga kotisol ya yi yawa. Shekaru da dama amsar da littattafai suke bayarwa ita ce ƙarin ya zama mai cin gashin kansa, amsar da a gaskiya suna ce aka sa wa jahilci. Hanyar fita ta buɗe bayan Earl Sutherland ya gano yadda saƙon homon yake wucewa daga makarɓa zuwa cikin ƙwaya ta hannun wani ɗan aike na biyu, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1971. A wannan shekarar masu bincike Schorr da Ney suka gwada wani ciwon daji na hular ƙodar ɓera, suka ga ɗan aiken nan yana tashi da ACTH kamar yadda aka zata, yana kuma tashi da adirinalin da homon ɗin da aka tanada domin gaɓar maƙogwaro, waɗanda lafiyayyar hular ƙoda ba ta kula su. Kusan shekara ashirin aka ɗauki wannan a matsayin abin mamaki na ɗakin gwaji wanda ba shi da alaƙa da gadon asibiti.

Abin da ya sauya wannan ra'ayi cin abinci ne. A 1987 Pavel Hamet da abokan aikinsa a Mantiriyal ta Kanada suka bayyana wani mai cutar Cushing wanda kotisol ɗinsa yake ƙasa da safe, ya tashi bayan ya ci abinci, akasin tsarin kowane mai lafiya. A 1992 tawagar André Lacroix a wannan birni da ta Yves Reznik a Faransa suka buga, a fitowa guda ta wata mujallar likitanci ta Amurka, bayanin wasu mata biyu masu irin wannan hali, suka nuna cewa mai kiran shi ne GIP, homon ɗin da hanji yake saki idan abinci ya shigo domin ya sanar da gaɓar da take fitar da insulin. Hular ƙodar matan ta ƙera makarɓar wannan homon, saboda haka kowane kwanon abinci ya zama mata umarnin fitar da kotisol, idan kuma aka ɗura suga ta jijiya ba ta baki ba, babu abin da yake motsi, domin hanji bai ga komai ba. Darasin da wannan ya bar wa masu gwaji yana da nauyi, domin al'adar asibiti a ko'ina, har da Tawa da Yamai, ita ce a ce wa mara lafiya ya zo da safe bai karya kumallo ba, kuma a daidai wannan lokaci ne jinin mai irin wannan ƙari yake nuna kotisol kaɗan, har a iya sallamarsa a ce ba shi da abin da ake zargi. Bisa wannan ƙa'ida, mai irin wannan ƙari idan yana azumi zai wuni da kotisol ƙasa, ya tashi masa bayan buɗa baki da sahur.

Daga nan jerin ya yi ta tsawo. An sami ƙarin da yake amsa adirinalin, wanda a 1997 Lacroix ya nuna ana iya kwantar da shi da propranolol, tsohon maganin zuciya mai araha, an sami mai amsa homon ɗin riƙe ruwa, da mai amsa serotonin, wanda tawagar Hervé Lefebvre a birnin Rouen na Faransa ta yi aiki a kansa. Wanda ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na 1999, labarin wata mata da alamomin Cushing suke bayyana mata a kowane juna biyu su ɓace bayan haihuwa, har suka zauna mata dindindin bayan ta daina al'ada. Hular ƙodarta ta ƙera makarɓar LH, homon ɗin da yake umartar ƙwan mace, kuma wannan makarɓa tana amsa homon ɗin mahaifa mai yawaita lokacin ciki, LH kuwa yana hawa ya zauna sama idan haila ta ɗauke. Da aka ba ta allurar da take danne LH sai kotisol ya koma daidai ba tare da an yi mata aiki ba. A 2015 tawagar Morris Brown a Kambirij ta Ingila ta bayyana mata uku masu ƙarin aldosteron ɗauke da wannan makarɓa da yawan gaske, biyu suna da ciki, ɗaya ta daina al'ada. A Nijar, inda binciken lafiyar iyali na 2012 ya ƙiyasta matsakaicin haihuwar mace a 7.6, gaɓar da take amsa homon ɗin ciki za ta sami kira sau da yawa fiye da a Kanada ko Ingila. Wannan ba ya nufin a ɗora wa hular ƙoda kowane kumburi da hawan jini na mai ciki ko mai jego, domin mafi rinjayensu daga wasu dalilai suke, kuma tun shekarun 1970 Davidson da Parry a asibitin jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta a ƙarƙashi.

Dalilin da yake sa shafin da ya kamata ya zauna a rufe ya buɗe bai fara bayyana ba sai da karanta littafin gado ya yi sauƙi. A 2013 Guillaume Assié da Jérôme Bertherat na asibitin Cochin a Paris suka gano gurɓacewar ƙwayar gado ARMC5 a fiye da rabin waɗanda aka yi wa aiki saboda manyan ƙulle-ƙulle a hular ƙoda biyu, a 2021 kuma masu bincike a Faransa da Kanada suka nuna cewa irin wanda yake bin abinci yana zuwa ne daga lalacewar KDM1A, ƙwayar gadon da aikinta shi ne kula da waɗanne shafuka za su kasance a rufe. A duka biyun mutum yana gadon kwafi ɗaya mai lahani daga uwa ko uba, na biyun kuma ya lalace daga baya a cikin gaɓar kanta, saboda haka cutar tana bin dangi ko da babu auren zumunci. A ɓangaren aldosteron, tawagar Richard Lifton ta jami'ar Yel ta gano a 2011 gurɓacewar KCNJ5, wadda ake samu a kusan kashi 40 cikin ɗari na irin wannan ƙari a Turai, ta fi haka yawa a Japan da Sin, amma da Kazutaka Nanba da William Rainey suka duba ƙarin baƙaƙen fatar Amurka a 2019, sai suka tarar wata ce dabam, CACNA1D, ta fi yawa. A kudancin Barazil ma, gurɓacewa guda da aka gada daga kaka ɗaya ta sa ciwon dajin hular ƙoda ya ninka fiye da sau goma a tsakanin yara. Kowace al'umma ke nan tana da nata rabon gado, alhali kusan dukan samfurorin da aka gina wannan ilimi a kansu daga asibitocin Turai da Amurka da gabashin Asiya aka yanko su.

Ga mutumin Buza hanyar zuwa ga irin wannan bincike doguwa ce, tana farawa daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa asibitin gunduma, daga nan zuwa babban asibitin Tawa ko asibitin mishan na Galmi da aka buɗe a 1950 a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, sannan Yamai, inda aka fara horar da likitoci a cikin gida a 1974. A kowane zango cutar tana iya ɓuya a bayan wani sunan da kowa ya sani. Ƙarin aldosteron yana wucewa a matsayin hawan jini, ko da yake binciken ƙasashe da dama ya nuna yawan aldosteron yana bayan kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu hawan jini, da kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda magani uku ya kasa saukar musu da shi, kuma ɗaya daga alamominsa, ƙarancin fotashiyam, gwaji ne mai sauƙi, maganinsa spironolactone kuma tsoho ne tun wajen 1960. Cutar Cushing ita kuma tana ɓuya a bayan ƙiba, kuma a yankin da ya ga yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984 zuwa 1985, cikar fuska da jiki alama ce ta hutu da samun wuri, abin yi wa mace barka.

Wannan fahimta ce ta buɗe wa jikokin kotizon kasuwa. Bayan karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, maganin kantin magani ya yi wa talaka nisa, masu tallar ƙwayoyi a faranti da kwali suka yawaita a kasuwannin ƙauye da tashoshin mota, musamman a garuruwan da suke kusa da iyakar Nijeriya, kuma a cikin hajarsu akwai abin da ake kira sha ka fashe, wanda galibi haɗin dexamethasone ne da maganin buɗe ciki, da mayukan sauya launin fata masu ɗauke da clobetasol ko betamethasone, waɗanda likitocin fata na Dakar suka daɗe suna rubutu kan illarsu. Dexamethasone ya fi kotisol ƙarfi kusan sau 25, kuma wadda ta sha shi watanni tana samun dukan alamomin da Cushing ya lissafa a 1932 ba tare da ƙari ko makarɓar da ta ɓata hanya ba, shi ya sa tambayar farko da likita yake yi wa mai zagayayyar fuska da nankarwa ita ce me take sha, me take shafawa. A jikinta fituwitari ya janye jakadansa ganin maganin ya cika jini, hular ƙoda ta zauna ba aiki har ta shanye, saboda haka idan ta bar ƙwayar rana ɗaya, ko zazzaɓin cizon sauro ko naƙuda suka same ta a wannan hali, takan faɗa cikin amai da kasala da faɗuwar hawan jini irin na marasa lafiyar Addison. Ƙa'idar da likitoci suke bi ita ce a riƙa rage maganin kaɗan kaɗan cikin makonni ko watanni, domin gaɓar da ta shanye takan ɗauki wata shida zuwa shekara guda kafin ta koma amsa ACTH yadda ya kamata.